Baƙar Rigar Shafin Yaya

Ni na gina wa Yaya shafinta na intanet, a kan teburin guga, a ɗakin Mama, tsakanin kwalin magunguna da bokitin wanki. Sana'ata ke nan. Ina gina wa mutane shafuka daga gida: mai shagon takalma, wani likitan haƙori, wata makarantar koyon tuƙi. Tun da hawan jini ya kayar da Mama ya shanye mata ɓarin hagu, na kwashi kwamfutata na tare a ɗakinta, don ko tari ta yi in ji. An ce babba juji ne. A gidanmu dai auta ce jujin, kuma ni ce autar.

Yaya ita ce 'yar fari, ita ce kuma ta gaban goshin Mama. Tana wani gari mai nisan rabin yini a mota, tana aiki da wata ƙungiya mai shirya taruka. In wayata ta yi ƙara, kafin in duba Mama ta riga ta tambaya, "Yayarki ce?" Yawanci likitan haƙori ne yana son a ƙara girman hotonsa.

Wata rana da hantsi dai aka yi sa'a ita ce.

"Auta, bulog nake so ki yi min," in ji ta. "Zan riƙa rubuta yadda muke jinyar Mama. Mutane da yawa suna cikin irin halin da muke ciki, ba su da mai ƙarfafa musu gwiwa."

A lokacin waya na maƙale tsakanin kunnena da kafaɗa, hannuwana biyu suna cikin zanin gadon da Mama ta ɓata. Na ce, "To, Yaya."

Irin ginin da nake yi ba shi da wuyar sha'ani. Kowane rubutu fayil ne guda. A samansa akwai 'yan layuka: take, kwanan wata, hoto, da ko daftari ne ko an gama. Ana zuba su duka a folda ɗaya. Akwai wata foldar ta fasali, wadda nake kira riga, ita ke faɗin launi da girman haruffa da inda hoto zai zauna. Sai in ba manhajar umarni, ta ɗauki rubutu ta sa masa riga, ta fito da shafuka a shirye, in tura su intanet. Kafin in tura ina buɗe gwaji, wanda ba ya fita daga kwamfutata. Duk abin da na taɓa na adana, nan take gwajin yake sauyawa a gabana. Ina son aikin nan don ba ya ƙarya. Abin da ka zuba shi zai fito.

Yaya ta raɗa wa shafin suna *A Gefen Gadonta*. Daga nan aka shiga gwajin riga. Shuɗi ya yi sanyi da yawa, ruwan hoda ya yi yarinta, fari ya yi kama da asibiti. Ta ce in nemo haruffan da za su nuna mai rubutun tana da tausayi. Na tura mata kala-kala, ta zaɓi wanda ya fi wuyar karantawa. Ta ce hotonta na sama ya zama zagaye, da na zagaye shi ta ce ya ƙara mata kumatu. Sannan ta ce ina wurin da masu karatu za su yi sharhi? Na ce irin wannan shafin ba ya zuwa da shi, sai an ɗauko daga waje an liƙa.

"To a liƙa mana. Shafi ba sharhi ai kamar magana da bango ne."

Na liƙa. Tace sharhin ma ya dawo kaina.

Rubutun kuwa daga bakina yake fitowa. Takan kira da yamma tana cikin mota, ina jin ƙarar titi.

"Yaya jikin nata? Me ta ci yau? Ta yi rigimar magani?"

Da farko na ɗauka tambayar 'ya ce. Nakan zage in ba ta labari: yadda Mama ta ɓoye ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe ta tofar a cikin kofin shayi, yadda na gano in aka daka ta cikin ayaba tana haɗiyewa, yadda ake juya ta daga wannan ɓarin zuwa wancan da tawul don kada bayanta ya yi gyambo. Bayan kwana biyu sai fayil ya iso. In buɗe in ga: "Yau na kama Mama tana tofar da magani a kofin shayi. Na yi dariya, na yi kuka, sannan na ɗauko ayaba." Ni ce zan gyara mata sakin layi, in sa hoto, in gina, in tura. Ni ce kuma zan zauna in karanta masu cewa Allah ya ba su 'ya irin ta, in danna amincewa, hannuna na warin sabulun wanki.

Hotunan ma da tasu dabarar. Takan zo sau ɗaya a wata biyu ko uku, da jaka cike da mayafai. Ta zauna a gefen gadon ta ɗora kai a kafaɗar Mama, a ɗauka. Ta sauya mayafi, ta sauya wa Mama ɗankwali, ta riƙe cokali, a ɗauka. Ta ja labule don hasken ya bambanta. Kafin shayinta ya huce ta tara na watanni. Kowane hoto yana zuwa da ranar da aka ɗauke shi a binne a cikinsa, kuma ni na sa wa manhajar dokar goge wannan bayanin lokacin da take rage girman hotuna. Na sa dokar ne don kada a gane inda gidanmu yake. Yaya da ta ji sai ta ce, "Kai, Auta, kanki na ja."

Za a ce me ya hana ni ajiye aikin. Abin da ya hana ni shi ne fuskar Mama ranar ɗaukar hoto. Tun da safe take sa ni in shafa mata mai, in taje mata kai. In Yaya ta shigo, ɓarin bakin nan da ya karkace har ƙoƙarin miƙewa yake. Kafin shafin, sai a yi rabin shekara ba ta taka gidan ba. Na ce a raina in dai yunwar hoto ce za ta riƙa kawo ta, to ta zo. Abu ɗaya na ɗaukar wa kaina: Mama ba za ta taɓa ganin shafin nan ba. Ta san dai Yaya na son hoto, shi ke nan.

Ɓoye wa Mama rubutu kuwa aiki ne. Malamar firamare ce har ta yi ritaya, kuma ciwon bai taɓa mata karatu ba. Komai ta gani sai ta karanta shi a fili, a hankali, da harshenta mai nauyi: kwalin magani, jikin ledar burodi, rubutun da ke gudu a ƙasan labarai. Shi ya sa na juya teburin guga ya fuskanci taga, jikina ya tare mata allon kwamfutar.

Sau ɗaya na yi wa Yaya tsaye. Ta shigo ina canza wa Mama kaya, na kwantar da ita a kan ɓarinta, bayanta a buɗe, sai na ji ƙarar ɗaukar hoto. Da fayilolin suka iso, ga shi a ciki, har da wurin da fatar ta fara saɓulewa. Na kira ta na ce wannan ba zai hau ba.

"Shi ya fi taɓa zuciya, Auta. Gaskiyar jinya ke nan."

"Bayan uwarmu ne, Yaya."

"To ki ɗan dusashe shi."

"Wallahi ba zan sa ba."

Ta ce na cika taurin kai tun ina ƙarama. Hoton bai hau ba, amma yana nan a foldar da muke amfani da ita tare, don duk sanda na goge sai ta mayar.

Shafin ya yi suna. Aka fara gayyatar Yaya taruka ta yi jawabi a kan haƙurin jinya, tana haska shafin a babban allo. Ni kuma ina nan ina daka magani cikin ayaba.

Ranar da ta zo da maganar baƙar riga, ina ba Mama abinci ne. Na ga kiranta, na ajiye cokali na fita baranda.

"Auta, akwai abin da nake so ki shirya, amma kada ki ɗauke shi da wata manufa. Kin san rai a hannun Allah yake."

"Na sani."

"Ranar da abin zai faru, ba wanda zai samu natsuwar zama gaban kwamfuta. Ina so ki yi wa shafin riga ta biyu, baƙa. Hoton Mama a sama, shekarar haihuwarta, da gurbin ɗayar. Ki yi yadda layi ɗaya kawai za a sauya a fayil ɗin saiti, komai ya koma baƙi. Rubutun ranar na riga na yi shi, na sa a folda a matsayin daftari. Ki duba ki ga ko ya zauna daidai."

Na tsaya ina kallon igiyar shanya. Zanen gadon Mama ne a kai, da rigunanta na barci.

"Yaya, yanzu na baro ta da shinkafa a baki."

"Allah ya ƙara mata lafiya. Ni ma ba fata nake ba. Amma tun ran gini ran zane."

Na ce ba zan yi ba. Na faɗa mata ƙyanƙyami abin yake ba ni, da kalmar na faɗa. Ba ta yi fushi ba, Yaya ba ta ɓata muryarta a kan ƙananan mutane. Ta ce ba komai, akwai wani a ofishinsu da ya iya irin wannan aikin, za ta ba shi foldar gaba ɗaya ya yi.

Foldar gaba ɗaya. Da hoton bayan Mama a ciki, da wasu da ban ma ambata ba, a hannun wani ƙato da ban san ko waye ba, wanda ba zai ce mata a'a ba. Ta san inda za ta taɓa ni. Na ce ta bari, zan yi.

Na yi kwanaki ina kewaye aikin kamar mai kewaye kashin kaza a tsakar gida. Ranar da na zauna masa, da safe aikin likitan haƙori na fara. Ya ce yana so ya san yadda shafinsa zai fito a talabijin ɗin ɗakin jiransa, don haka na jona kwamfutar da talabijin ɗin Mama da doguwar waya. Mama ta ji daɗin abin. Ta karanta "Cire haƙori ba tare da zafi ba," ta ce ƙarya yake. Muka yi dariya. Bayan azahar barci ya ɗauke ta. Na kashe talabijin, na ajiye rimot a kan bargo kusa da hannunta na dama inda yake zama kullum, na koma teburina na juya baya. Wayar ban cire ba.

Na buɗe foldar Yaya, na kunna gwaji har da daftari, na sauya layin. Shafin ya koma baƙi ƙirin.

Sai da na karanta rubutun don in ga inda layuka ke karyewa. Yaya ta iya rubutu, wannan ba a ƙwace mata ba. Ta faɗi yadda ɗakin ya yi tsit, yadda hasken safiya ya faɗo a kan matashi. Ta san ma da safe za a yi. Ta bar gurbi a wurin kwanan wata, da wani gurbin inda ta rubuta a taƙaice cewa a nan za a sa kalmarta ta ƙarshe, a tambayi Auta. Na kurɓi ruwa na ci gaba, don in gama in rabu da shi.

Baƙin ya yi tsanani, fararen haruffan suna tsalle a ido. Na rage shi zuwa ruwan gawayi, na adana. Na gwada hoton Mama mai shuɗin ɗankwali, na adana. Na ga ya yi duhu, na sauya da wanda take murmushi, na adana. Shekarar haihuwar ta manne da hoton, na ba su tazara. Gurbin ɗayar shekarar ya bar layin a karkace, na rasa yadda zan yi da shi, na ja ɗan gajeren layi kamar zare a wurin. In kana cikin irin wannan aikin kan manta abin da kake gyarawa, idonka na kan tazara da launi kawai. Har na fara jin daɗin yadda ya zauna, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Sai na ji murya a bayana, a hankali, kalma bayan kalma.

"Yau... na rasa... mahaifiyata."

Ban san lokacin da na miƙe ba, kujera ta faɗi. Talabijin a kunne, ba sauti. Fuskar Mama ta cika bango, baƙi ya kewaye ta, shekarar haihuwarta a ƙasa da ɗan zaren nan. Ita kuma tana kwance a kan matashi, rimot a hannu, ta sa tabaraunta a karkace.

Na yi wajen wayar zan fizge.

"Bar shi," in ji ta.

"Mama, gwaji ne kawai, ba wanda ya gani. Aikin banza ne, yanzu zan goge."

"Na ce ki bar shi. Mai shuɗin ɗankwalin ya fi. Wannan bakina ya karkace."

Ashe tun ina sauya hotuna take kallo. Duk adanawar da na yi, a gabanta ta sauya.

"Waye ya rubuta? Ke?"

Na so in ce ni ce. Amma hoton Yaya na nan a kusurwa, a zagaye, da sunan shafin a ƙarƙashinsa.

"Yaya ce."

"Matsar min da shi ƙasa."

Na yi ta roƙonta. Ta kalle ni ta saman tabarau, irin kallon da ta yi wa 'yan aji shekara da shekaru. Na koma teburin na matsar. Ta karanta duka a fili, ba ta tsallake ko layi ba, ni kuma ina tsaye kamar an dasa ni. Ta karanta hasken safiya. Ta karanta gurbin kalmarta ta ƙarshe, har da "a tambayi Auta," ta ɗan yi wani sauti a hanci. Da ta zo kusa da ƙarshe sai muryarta ta ragu.

"Ina zaune... a gefenta... na riƙe hannunta... har ta cika."

Ta sake karanta layin, wannan karon a zuci, leɓenta na motsi.

"Ashe za ta zo," ta ce.

Ta nuna allon da rimot.

"Ga shi ta rubuta. Za ta zo ta zauna."

Na ce bari in ɗebo mata ruwa. Na fita baranda na kira Yaya. Na faɗa mata duk abin da ya faru, ban rage ba, har da wayar da na bari a jone. Na ce ta hau mota ta zo, yau ko gobe, ba da jakar mayafai ba, ta zo ta kwana biyu a ɗakin nan.

"Innalillahi. Auta, wane irin sakaci ne wannan?" Ta ja numfashi. "Satin nan ba zai yiwu ba, ina da taro har biyu. Amma tsaya. Da ta karanta, me ta ce?"

"Ta ce ashe za ki zo."

"Allah sarki, Mama." Na ji motsin jaka, da ƙarar zif. "Haka ta faɗa daidai? Maimaita min yadda ta ce, kada in ɓata."

Na kashe wayar. Na daɗe a tsaye ina jin kamar in wanke kunnena. Ban taɓa jin ƙyamar mutum irin ta ranar ba, kuma cikinmu ɗaya da ita, nono ɗaya muka sha.

Da na koma ɗaki na manta ruwan. Talabijin na nan a kunne. Mama ta cire tabarau ta ɗora a ƙirji. Na cire wayar daga jikin talabijin, allon ya koma shuɗi, na naɗe ta na jefa ƙarƙashin tebur. Na ɗaga kujerar da ta faɗi. Na gyara mata bargo ba don ya ɓaci ba.

"Da ita kika yi waya?"

"Eh, Mama."

"Ta ce yaushe?"

"Tana da taro. Ta ce tana gaishe ki."

Ta gyaɗa kai, idonta a kan silin. Na ɗauka maganar ta wuce, har na fara tattara kofuna.

"Auta."

"Na'am."

"In ta sake kira, ki gaya mata na dama za ta riƙe." Ta ɗaga shi kaɗan daga kan bargo ta mayar. "Na hagun ko ta riƙe ba zan sani ba."